Ramin da Ya Kayar da Inna

Da sunan Allah mai rahama nake farawa. Na daɗe ina son rubuta wannan, hannuna ne yake ƙi. Matan da suka zo mini gaisuwa sun yi ta tambayata yadda abin ya faru, ni kuwa duk lokacin da na ɗauko maganar sai in kasa ƙarasa ta. Shi ya sa na zauna na rubuta, don wanda ya kawo tsohonsa ƙasar nan ya san abin da ni ban sani ba a lokacin.

Sunana Zainabu, 'yar Damagaram ce ni. Muna zaune a ƙasar Turawa a unguwar Morris Heights da maigidana, wanda yake da tebur a bakin titin Canal Street yana sayar da jakunkuna da huluna. Mun yi shekaru ba mu samu haihuwa ba. Da Allah ya ba ni ciki, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ce ita da kanta za ta zo ta yi mini zaman jego. Aka yi ta fafutukar biza har aka samu, ta sauka a farkon sanyi.

Inna ta doshi saba'in, amma duk wanda ya ganta ba zai ce haka ba. Rayuwarta duk a sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi ta, da kanta take ɗaukar kaya zuwa kasuwa. Gidanmu a sama yake, ba shi da na'urar hawa, amma tana hawa tana sauka ba ta ko dafa bango. Na haifi mace, aka sa mata sunan Inna, muna kiranta Mama. Inna ce mai dafa ruwan wanka, ita ce mai dama kunun kanwa, ita ce mai goyo. Sanyi kaɗai take kuka da shi. Tana cewa garin nan ko rana ta fito ado kawai take yi.

Bayan na yi arba'in ta ce tana son ta fara haɗa tsarabar jikokinta na gida. Maigidana ya aro motar abokinsa, ranar wata Lahadi bayan la'asar ya kai mu wani babban kanti da ba mu saba zuwa ba, mai faffaɗan filin ajiye motoci. An yi dusar ƙanƙara kwana biyu kafin nan. Mun gama sayayya mun fito duhu ya fara, don da sanyi magariba da wuri take yi. Maigidana yana gaba da keken kaya, ni ina riƙe da Mama a ƙirji, Inna tana bayana da 'yar leda ɗaya a hannu. Fitilar da ke wannan gefen a mace take.

Ban ga faɗuwar ba. Na ji ƙara kawai, na juya na tarar da ita kwance a gefe, ƙafarta ta dama ta karkace waje. Kwalta ce ta fashe a wurin ta zama rami, ruwa ya taru ya daskare, dusa ta rufe samansa, ba mai cewa akwai wani abu a ƙasa. Inna ba ta yi ihu ba. Salati take yi a hankali, tana neman ta ja mayafinta ta rufe ƙafafunta saboda surukinta yana tsaye.

Wani ma'aikacin kantin ya fito, sannan manaja. Ya yi ta ba da haƙuri, ya rubuta wani abu a takarda, ya koma da ita ciki. Ba mu ce ya ba mu tamu ba. Mutane sun taru, ba mu karɓi lambar kowa ba. Wayata tana aljihuna, ban ɗauki hoton ramin ba. Wa yake tunanin hoto alhali uwarsa tana kwance a kan ƙanƙara? Na cire rigar sanyina na shimfiɗa mata har motar asibiti ta iso.

A sashen gaggawa muka tarar da layi. Masu tari, masu karaya irin tamu, duk an jera su a kan gadaje a baranda. Sai da aka jima sosai aka yi mata hoto. Likitan ya ce ƙashin kwatangwalo ne ya karye daga can sama, kuma sai an yi aiki an sa ƙarfe. Akwai maganarsa ɗaya da ta zauna mini. Ya ce a shekarun Inna ba karayar ce take kisa ba, kwanciyar da take biyo bayanta ce. Na fassara mata rabin farko, na bar sauran.

Inna ta ce ba za a yanka ta ba. Ta ce a nemo mai ɗori. Yayana Habu, wanda shi ne babba a gidanmu, ya kira daga Damagaram ya ce a saka ta a jirgi kawai, akwai wani tsoho a Mirriya da ba karayar da take gagararsa. Wata a cikin danginmu ta ce Turawa da sun ga baƙo sai su yi gwaji da shi. Ni ina tsaye tsakanin waya da likita, nono yana zuba a rigata. Daga ƙarshe na durƙusa a bakin gadon na ce mata ko zama ba za ta iya yi ba, balle awannin jirgi. Ta daɗe tana kallona.

"Auta, in kin ga haka ya fi, a yi. Amma kada a cire mini ɗankwali."

An cire, sun sa mata hular takarda. Ban taɓa faɗa mata ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Aikin ya yi kyau, in ji su. Amma satin farko Inna ba ta cikin hayyacinta. Tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina yarinya, tana cewa a kore awaki daga shanyar gyaɗa. Likitoci suka ce tsofaffi sukan yi haka bayan aiki, zai wuce. Abincin asibiti kuwa ko kallonsa ba ta yi. Maƙwabciyarmu Anti Memuna, 'yar Zangon Kumasi, wadda aikinta ke nan kula da tsofaffi a gidajensu, ita ta riƙe mini Mama da safe, ita take dama kunu ta zuba a fulas. Ni kuma in shiga jirgin ƙasa mai lamba huɗu in je asibiti, in dawo in ba da nono, in sake komawa. Ba zan manta wata nas baƙar fata 'yar wasu tsibirai da ke kusa da ƙasar nan ba. Ba ta jin Hausa, Inna ba ta jin Turanci, amma ita kaɗai Inna take yarda ta goge mata jiki, don ta lura cewa sai ta ja labule ta rufe ko'ina kafin ta taɓa ta. Akwai kuma waɗanda za ka danna ƙararrawa har ka gaji ba su leƙo ba.

A sati na biyu suka ce za a sallame mu. Ƙa'ida a kai ta gidan gashin ƙashi ta yi makonni tana koyon tafiya, amma Inna baƙuwa ce, ba ta da inshora. Wata ma'aikaciya ta taimaka mana aka samu tallafin gaggawa da ya ɗauki nauyin aikin, Allah ya saka mata. Ta ce mini tallafin a nan ya tsaya, bai haɗa da abin da zai biyo baya ba. Saboda haka gida muka nufa.

A ƙofar gidanmu aka tsaya. Keken guragu ba ya hawa bene. Ku da kuka san kunyar da ke tsakanin suruka da mijin 'yarta kun san abin da nake nufi. Tun zuwanta Inna ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, shi ma bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. Ranar nan ya cire rigar sanyinsa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri." Ya ɗauke ta kamar jaririya. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf. Ina binsu a baya da jaka, ina ganin kafaɗarta tana rawa. Da ya kwantar da ita ya fita bai dawo ba sai bayan isha'i, ita kuma ta juya fuska bango, a haka ta wuni.

Muka yi hayar gadon asibiti muka sa a falo. Kayan jinya a garin nan ba a cewa komai, daga ƙunzugun manya zuwa maganin ciwo zuwa mai gashin ƙashi da yake zuwa gida. Mai gashin ma ba mu iya kiransa yadda likita ya ce ba. Jarin maigidana a nan ya tafi, ga shi yana rasa kwanakin kasuwa. Mutanen masallacinmu sun yi mana karo-karo sau biyu, ba tare da mun roƙa ba. Anti Memuna ta koya mini yadda ake juya mara lafiya da zanen gado, da yadda ake ɗaga ta ba tare da na karya bayana ba. Kullum in ta taso daga aiki sai ta shigo ta ce, "Mma, yaya jiki?" ta zauna tana matsa mata ƙafa alhali ita ma a tsaye ta wuni.

Ita ce ta fara kawo maganar lauya. Ta ce a ƙasar nan mai wuri shi ke da alhakin gyara wurinsa, in sakacinsa ya ji wa mutum ciwo sai ya ɗauki nauyi. Nan fa shawara ta yi yawa. Wani dattijo ya ce ƙaddara ce, musulmi ba ya kai ƙaddara kotu. Wani ya ce wa maigidana ya yi hankali, shiga kotu tona asiri ne, za su bi takardun kowa a gidan. Yaya Habu ya ce a je a roƙi mai kantin cikin mutunci, ai shi ma ɗan'adam ne. Inna da kanta ta ce tunda aka haife ta ba ta taɓa tsayawa gaban alƙali ba, ba kuma za ta fara da tsufanta a ƙasar mutane ba. Haka muka yi ta jan ƙafa kusan wata guda.

Da maigidana ya koma kantin, ya tarar an cike ramin da sabuwar kwalta, an gyara fitila. Manajan ya ce ba a ba shi izinin magana ba, ya ba shi lambar kamfanin inshora. Lauyar da muka samu daga baya, wata mata mai haƙuri, ta saurari labarin duka. Ta ce hoton kyamarar kantin ba ya daɗewa, yakan goge kansa, kuma da muka nema aka ce ya goge. Ta ce da a ranar mun ɗauki hoton ramin da fitilar, mun karɓi lambar mutum ko ɗaya, mun nemi kwafin abin da manaja ya rubuta, mun adana takalmin da Inna ta sa, da aikinta ya zo da sauƙi. Takalmin ma na riga na jefar, don ba na son ganinsa. Ina roƙon duk mai karanta wannan ya riƙe waɗannan. In kai ba za ka iya ba saboda ruɗewa, ka miƙa wa na kusa da kai wayarka ka ce ya ɗauka. Kada kuma ka yi magana da mutanen inshora kai kaɗai. Sun kira ni sau ɗaya da murya mai daɗi suna tambayar jikin Inna, na ce da sauƙi, kamar yadda kowane Bahaushe zai ce, ashe rubutawa suke yi.

Kantin suka ce filin ba nasu ba ne, haya suke yi. Mai filin ya ce ya ba wani kamfani kwangilar share ƙanƙara da zuba gishiri. Kamfanin ya ce shi ƙanƙara aka ce ya share, ba rami aka ce ya cike ba. Sannan dukansu suka haɗu a kan abu guda, wai tsohuwar ce ba ta duba gabanta ba, kuma ba ta iya tafiya a kan ƙanƙara ba. Na yi niyyar ɓoye wa Inna, sai ta ji muna maganar da maigidana, ta sa na faɗa mata duka.

Ta yunƙura kamar za ta tashi zaune. "Ni ce ban iya tafiya ba? Ni da na yi shekara arba'in da tulun mai a ka, ko ɗigo bai taɓa zuba ba?" Sannan ta ce, "Ki ce wa lauyar nan ta zo."

Azumi ya kama tana kwance. Wannan ya fi karayar yi mata ciwo. Ta ce tun tana budurwa ba ta taɓa shan azumi don ciwo ba. Muna buɗa-baki a gefenta tana juya kai. Salla kuwa a kwance take yi da taimama, da wani dutse da Anti Memuna ta samo mata. Duk juyin da nake mata, sai da miki ya fito a ƙugunta. Na yi kuka ranar da na gan shi, don na san abin da likitan nan ya faɗa. Tsakiyar azumi ƙafar ta kumbura ta yi zafi, numfashinta ya fara sama-sama. Muka sake kiran motar asibiti. Suka ce jini ne ya daskare a jijiyar ƙafa, wani gudan ya tafi huhu. Ta yi kwanaki da robar iska a hanci. A can muka yi Salla ƙarama. Na kai mata Mama da sabuwar riga, aka hana shiga da jariri, sai ta taga na ɗaga ta, ban ma tabbata ta hango mu ba.

Ta fito daga wannan, amma ba ta koma yadda take ba. Ta rame, muryarta ta yi ƙasa. Da ƙarfen dogarawa takan kai daga gado zuwa ƙofar banɗaki, nan ƙarfinta yake ƙarewa. Ta daina tambayar yaushe za ta warke, ta koma tambayar yaushe za ta tafi. An ƙara mata wa'adin biza, ba ta yi murna ba. Likita ya ce doguwar tafiyar jirgi haɗari ce ga mai irin ciwonta, ya fi son ta ƙara watanni. Na faɗa mata. Ta ce ta ji, amma ba ta son a binne ta inda ba wanda ya san sunan ubanta.

Lauyarmu ta ce to a ɗauki bayaninta kafin ta tafi. Suka zo falonmu, lauyoyin ɓangarori uku da mai ɗaukar hoto da wani dattijo mai fassara. Na yi mata wanka, na ɗaura mata atamfar da ta zo da ita don suna. Sun yi ta juya tambaya ɗaya ta fuskoki daban-daban. Wane takalmi ta sa. Ko tana shan maganin hawan jini. Ko ta taɓa ganin ƙanƙara kafin ta zo. Tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga murya ba. Sai wani matashi a cikinsu ya tambaye ta ina take kallo a daidai lokacin da ta faɗi. Lauyarmu ta riga ta ce mata ta faɗi gaskiya kawai, ko da me za a tambaya.

Ta ce, "Jikata nake kallo. Hularta ta zame, ina son in ce wa uwarta ta gyara mata."

Mai fassara ya faɗa da Turanci. Matashin ya rubuta. Daga baya lauyarmu ta ce za su yi amfani da wannan su ce laifin ya rabu biyu, amma hakan bai wanke su ba, don ko ƙasa take kallo ba za ta ga ramin da dusa ta rufe a cikin duhu ba. Inna ta tambaye ni ko ta ɓata abin. Na ce mata a'a.

Da zafi ya fara shigowa ta tafi. Ni takarduna ba su ba ni damar fita ba a lokacin, maigidana ne ya rufe teburinsa ya raka ta. A JFK ma'aikaciyar filin jirgi ta karɓi keken daga hannuna. Inna ta sa na ɗora mata Mama a cinya, ta tofa mata addu'a a ka, ta daɗe tana shinshina wuyanta. Ni kuma ta ce mini in dinga cin abinci, in daina tsayuwa ina ci. Har aka tura ta ciki ba ta waiwayo ba. Maigidana ya ce tun daga Yamai har Damagaram a kwance ta yi tafiyar a bayan mota, amma da suka shiga unguwa ta sa aka tayar da ita zaune don kada maƙwabta su ganta a kwance.

Ta yi damina a gida. Matar Yaya Habu ce ta ci gaba da jinyar, Allah ya biya ta. Muna wayar bidiyo kusan kullum. Nakan ganta a tsakar gida a kan katifa, jikoki na kewaye da ita. Mikin bai rufe ba, ƙafar ba ta daina kumburi ba, maganin da ta tafi da shi ya ƙare aka sha wuya kafin a samu irinsa. Amma tana cin tuwo, tana dariya wani lokaci. A wayarmu ta ƙarshe na nuna mata Mama ta fara rarrafe. Ta ce in kawar da wayoyin wuta daga ƙasa.

Ranar wata Alhamis na tashi sallar asuba na ga kiran Yaya Habu. Na kira shi. Ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Ya ce, "Auta, sai haƙuri. Inna ta cika cikin dare, numfashi ne ya sarƙe ta. Yanzu muka dawo daga kai ta." Ya ce bai ga amfanin tayar da ni ba tunda ba abin da zan iya yi. Ban ce ya yi laifi ba. Amma har yau in na tuna cewa an yi mata wanka, an sallace ta, an rufe ta, ni ina barci, sai abin ya dawo mini sabo.

Shari'ar tana nan ba ta ƙare ba. Bayan kwanakin gaisuwa lauyarmu ta kira ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce lauyoyinsu sun fara cewa rasuwar ba ta da alaƙa da faɗuwar, tsufa ne da hawan jini, da kuma tafiyar da likita ya hana. Ta ce abin zai iya ɗaukar shekaru, za a kira ni a yi mini tambayoyi irin waɗanda aka yi wa Inna, kuma ba ta yi mini alƙawarin komai ba. Ta tambaye ni ko ina son a tsaya. Maigidana ya ce maganar tawa ce da 'yan'uwana. Yaya Habu ya ce duk abin da na yanke ya yi. Na san mutuwa da lokacinta, ban yi jayayya da wannan ba. Amma da ƙafarta ta sauko daga jirgi, da ƙafarta ta shiga kantin nan. Na ce a ci gaba.

Wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya sa Inna a addu'a. Sunanta Hadiza. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.